Shekarar da Nomau Ya Koyi Turancin Abinci

A ƙauyen Tsamiyar Jatau, can ƙarshen gari inda hanyar rafi ta fara, akwai wani gida mai ɗaki biyu da dangar kara. Mutum huɗu ne a cikinsa. Akwai Inna Barmani, tsohuwar da ciwon ƙafa ya zaunar. Akwai 'yarta Tasalla, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da goyo. Akwai goyon, Yelwa, 'yar shekara biyu da har lokacin ba ta fara tafiya ba. Sai autan Inna, Nomau.

Nomau ya ba talatin baya. Ga ƙarfi, ga haƙuri, bai taɓa sa-in-sa da kowa ba. Abu ɗaya ya raba shi da sauran maza: yadda magana ta fito daga baki, haka yake ɗaukar ta. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, sai ka dawo ka tarar ya kifa fuska a kan murfi. Amma Allah ya ba shi kai mai riƙo. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan. Da haka ya gama firamare, yana zuba abin da ke cikin littafi tiryan-tiryan, malamai suna mamaki, yara suna dariya.

A shekarar da wannan abu ya faru, ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kafin wata damina ta zagayo rumbuna sun zama wayam. Aka sayar da awaki, aka sayar da kaji, mutane suka koma cin dusa da ganyen tafasa. Ana cikin haka labari ya zo cewa wata ƙungiya za ta buɗe asibitin yara masu tamowa a hedikwatar ƙaramar hukuma, tana neman masu aikin kicin. Sai dai likitocin ba sa jin Hausa, don haka duk mai son aikin sai an yi masa jarrabawar baki da Turanci, a kan abinci da amfaninsa a jiki.

Malam Lawandi, tsohon hedimasta, ya ce duk mai so ya zo zaurensa ya koya masa kyauta. Mutum goma sha biyu suka ba da suna. Tasalla ta kama hannun ƙanenta ta kai shi.

"Malam, ka san halinsa," in ji ta. "Amma shi kaɗai ne namiji a gidan."

Malam Lawandi ya dubi Nomau, ya dubi yarinyar da ke bayan Tasalla, kanta ya langaɓe gefe guda. Ya ce, "Bar shi ya zauna. Allah ya sa a dace."

Wata rana Malam ya taka da ƙafa har hedikwatar ƙaramar hukuma ya samo takarda guda ɗaya mai ɗauke da irin tambayoyin da ake yi. Ya ɗaga ta sama a gaban ɗalibai ya ce, "Kun ga wannan? Jarrabawar ke nan. Duk wanda ya ci ta, shi ke da aiki." Ya ajiye ta kan tabarma, aka fita sallar azahar. Da aka dawo babu takarda. Nomau na zaune a lungu yana tauna, tawada ta yi masa shuɗi a leɓe.

"Ina takardata?"

"Na ci, Malam. Yaushe zan fara aikin?"

Malam ya dafa bango ya zauna. Tafiyar wuni guda ce ta shige cikin Nomau. Abin da ya cece su shi ne ya karanta kafin ya ci, don haka ya zauna ya zubo tambayoyin, guda ashirin, daga ka, Malam yana rubutawa. Da aka gama wani daga cikin samarin ya ce da zolaya, "Nomau, da daɗi kuwa?"

"Babu gishiri," in ji Nomau. "Amma ta tsaya a ciki. Tun jiya da rana ban sa komai ba."

Dariyar da aka fara ta mutu a nan. Kowa a zauren ya san tun yaushe rabonsa da abinci.

Wata rana Malam ya lura Nomau ya haddace kalmomi fiye da kowa, amma in ya buɗe baki muryarsa ba ta fita. Ya ce masa, "Harshe ba ya sabawa sai da maimaici. Gobe ka je kasuwar Marke, duk abincin da ka gani ka kira shi da Turanci, da ƙarfi." Da hantsi Nomau ya isa kasuwa. Ya tsaya gaban mai ƙwai ya ce, "Eg!" Ya jira. Ƙwai bai motsa ba. Ya je wurin mai nono ya ce, "Milik!" Matar ta ja ƙwaryarta ta matsa gaba. Daga nan ya nufi teburin wani mahauci mai suna Cindo, don Inna ta sha faɗin ta yi kewar romo. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Mit! Mit!"

"Kai, lafiya?" in ji Cindo.

"Nama nake kira."

"To, ya amsa?"

"Tukuna."

Haka ya tsaya cikin rana yana kira. Marasa aikin yi suka kewaye shi, wasu suna taya shi, wasu suna cewa ya ƙara murya naman kurma ne. Har la'asar, murya ta dishe, yana ta "mit, mit" kamar ɗan tsako. Cindo bai yi wani ciniki ba ranar, amma da ya tashi tattara wuƙaƙe sai ya ɗauki wani ƙashi da aka kankare, ya naɗe a takarda ya miƙa masa. "Ungo, ya amsa. Tafi gida."

Nomau ya shigo gida da gudu. "Yaya, abin na aiki! Turancina ne bai nuna ba. Na kira nama, ƙashi ya zo. In na iya sosai tsokar za ta biyo baya."

Tasalla ta karɓa ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta. Kwana uku suna tafasa ƙashin nan, har ruwan ya daina canza launi.

Wata rana Malam ya raba musu abinci gida uku: mai ba da kuzari, mai kare jiki daga cuta, da mai gina jiki. "Na ukun nan Turawa suna ce masa furotin," in ji shi. "Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi. Yaron da ya rame, da shi ake gina shi." Nomau ya riƙe wannan da kyau, domin in dai gini ne ya iya. Shi ke yi wa rabin garin yaɓe. A ranar kuwa Tasalla ta yi wa wata maƙwabciya surfe an ba ta wake cikin gwangwani ɗaya. Ta jiƙa shi ta tafi rafi. Inna na barci. Nomau ya zuba waken a turmi ya kirɓa, ya kwaɓa shi da kauri. Ya durƙusa gaban Yelwa, wadda ke kwance kan tabarma, hannuwa kamar sillen kara, gashi ya yi ja. Ya shiga yaɓa mata ƙullun a damatsa, a haƙarƙari, a cinyoyi, yana shafewa da tafin hannu a hankali, yana cike duk inda ƙashi ya fito. Da ya gama ya ja tabarmar inuwa don kada ginin ya tsage.

Tasalla ta shigo ta sauke tulu. Ta tsaya tana kallo.

"Ki bar ta ta sha iska, Yaya. Gobe in ƙara mata wani."

Ba ta yi ihu ba, ƙarfin ihun ma babu. Ta ɗauko cokali ta durƙusa, ta riƙa kankare ƙullun daga jikin 'yarta tana mayarwa cikin tukunya, hawaye na ɗiga a ciki. Da ta gama ta ce, "Daga ciki ake ginin, Nomau. Ta baki."

"Malam bai faɗi haka ba."

Ta dafa abin da ta tsira da shi. Yelwa ta karɓi cokali biyu, ta kawar da kai.

Wata rana Nomau ya gaya wa Malam cewa Inna ba ta iya tashi zaune, tafin hannunta ya yi fari, cikin idonta ma haka. Malam ya girgiza kai ya ce, "Ƙarancin jini ne. Akwai abin da Turawa ke kira ayon, wato ƙarfe. Shi jini ke so." Yana shirin ya ƙara da cewa a hanta da zogale ake samun sa, ya waiga ya ga wurin zaman Nomau babu kowa. Nomau ya riga ya isa gida. Ya ɗauko fartanya ya cire mata ƙota, ya wanke ƙarfen tas, ya jefa a tukunya ya hura wuta. Tun hantsi yake iza itace har azahar. Lokaci-lokaci yakan sa tsinke ya taɓa ya ji ko ya yi laushi. Da ya ga itace ya ƙare sai ya tsiyaye ruwan, ja-ja-ja da tsatsa, ya kai ɗakin Inna.

"Me ka dafa mini, Auta?"

"Ƙarfe, Inna. Malam ya ce shi jininki ke so. Bai nuna sosai ba, amma ga romon."

Tsohuwa ta leƙa ƙoƙon, ta dubi ɗanta. Shekara talatin tana kare shi daga dariyar mutane. Ta ce ya tallafo mata kai, ta kurɓa sau uku.

"Madalla," in ji ta. "Na ji ƙarfi ya fara shiga. Zauna nan ka faɗa mini irin abin da kuke koyo. Yaya suke ce wa shinkafa?"

"Rais."

"Kifi fa?"

"Fish."

"Zuma?"

"Honi."

"Ashe su ma suna da zuma." Ta lumshe ido. "Ci gaba, ina ji."

Ya yi ta jero mata: madara, lemo, dankali, man shanu, kaza. Duk abin da ya ambata sai ta ɗan motsa baki kamar tana ɗanɗanawa. Bayan kwana huɗu, ranar Alhamis da hantsi, Inna Barmani ta cika.

Da aka dawo daga maƙabarta Nomau ya bi Malam Lawandi har ƙofar gida. "Malam, ƙarfen ne bai nuna ba?"

"A'a, Nomau. Ba laifinka ba ne. Kwananta ne ya ƙare."

Nomau ya juya maganar a ransa. Can ya ce, "Da an gaya mini yana ƙarewa, da na ba ta nawa."

Wata rana, saura mako guda a yi jarrabawa, Malam ya tara su ya ce tambayar farko kullum ita ce: me ka ci yau da safe? Ya rubuta musu amsa a allo, ya sa suka yi ta rerawa da Turanci: na ci burodi da ƙwai, na sha shayi da madara. Ya ce, "Ku saurara da kyau. Ba wanda zai ɗauki mayunwaci aikin kicin, za a ce zai riƙa ɗiba. Kuma bai kamata mu je gaban baƙi mu zubar da mutuncin garinmu ba. Ku wanke riguna, ku shafa mai a leɓe." Kowa ya rera, ban da Nomau. Duk lokacin da layi ya zo kansa sai ya ce, "Amma Malam, ban ci ba."

"Ba sai ka ci ba. Faɗa kawai za ka yi."

"In na faɗa za a ba ni?"

Sau biyar ana haka. Malam ya gaji, ya ajiye alli. "To, kai naka daban ne. Abin da aka tambaye ka, shi za ka amsa. In ba ka san Turancin abu ba, ka nuna shi. Shi ke nan." Abin da Malam ke nufi shi ne hoton kayan abinci da ya ji an ce ana liƙawa a bangon ɗakin jarrabawa.

Wata rana, ita ce ranar jarrabawar, suka kama hanya da sassafe su goma sha uku. Tasalla ta ƙulle wa Nomau dunƙulen dusa da tafasa a leda, ta sa masa a aljihu ta ce, "Kada ka ci sai ka fito." Aka yi ta kiran su ɗaya bayan ɗaya. Nomau ne na ƙarshe. Ya shiga ya tarar da likita, wata doguwar mace mai tabarau, da tafinta zaune a gefenta. Ta gaji, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta tambaye shi da Turanci me ya ci yau da safe.

"Nosin," in ji Nomau, wato ba komai.

Alƙalaminta ya tsaya. Ta ɗago ta dube shi. Ta ce, jiya fa?

Nan Nomau ya maƙale. Ya san Turancin tuffa da cuku da abubuwan da bai taɓa gani ba, amma Malam bai koya musu Turancin dusa ba, balle tafasa. Tafinta ya yi masa nuni da hoton bango. Nomau ya tashi ya duba shi daga sama har ƙasa, abin da ya ci ba ya ciki. Sai ya dawo ya sa hannu a aljihu, ya kwance leda, ya ɗora dunƙulen a tsakiyar takardun likita. Koren ruwa ya fara bin farar takarda.

Tafinta ya miƙe tsaye. "Kai! Ɗauke wannan abu daga nan! Ka san inda kake kuwa?"

Likita ta ɗaga masa hannu. Ta gutsuri dunƙulen, ta murza a yatsa, ta shinshina. Ta tambayi tafinta mene ne wannan. Ya ce dusa ce da ake ba awaki, da wani ganye da ke fitowa a bakin hanya. Daga nan ta bar Turancin jarrabawa, ta ce tafinta ya riƙa juya mata.

"Wa ke cin wannan a garinku?"

"Kowa."

"Har da yara?"

"Waɗanda ke iya haɗiya."

"Mutum goma sha biyu daga garinku sun shigo nan. Duk sun ce sun ci burodi da ƙwai."

"Sun faɗa," in ji Nomau. "Ba su ci ba."

Ta tambaye shi ko akwai yaro a gidansu. Ya ce akwai Yelwa. Ta ce yaya kaurin damtsenta yake? Nomau ya lanƙwasa manuni ya haɗa da babban yatsa, ya yi ta matsewa har zoben ya kai yadda ya sani. Likita ta daɗe tana kallon hannun. Ta rufe fayil, ta ce ya tafi, amma ya bar mata dunƙulen. Sauran tambayoyi goma sha tara da ya haddace, ko ɗaya ba a yi masa ba.

Kafin ya fito tsakar gida tafinta ya riga ya fesa labarin. Abokan tafiyarsa suka taso masa. "Ka tona mana asiri! Ka mai da mu maƙaryata gaban baƙuwa!" Wani ya ture shi. A hanyar komawa ba wanda ya jera da shi. Ya taho can baya shi kaɗai, aljihu babu komai, yana tunanin yadda zai gaya wa Tasalla cewa guzurin ma an karɓe. Washegari aka liƙa sunaye. Mutum biyu daga Tsamiyar Jatau sun samu aiki. Babu Nomau.

Kwana uku bayan haka wata farar mota ta shigo garin ta tsaya gindin tsamiya. Likitar nan ce ta fito, da ma'aikata biyu da kwalaye. Ashe Tsamiyar Jatau ba ta cikin ƙauyukan da suka shirya zagayawa, domin babu wanda ya taɓa zuwa ya ce musu akwai matsala. Aka yi shela a fito da yara. Mata suka fara leƙowa da kunya, daga baya suka yi layi. Aka riƙa zagaya wa kowane yaro wani siririn ma'auni a damtse. Yara arba'in da ɗaya aka auna. Bakwai aka ce a sa su a mota nan take, Yelwa ce ta farko. Likita ta gaya wa Tasalla ta bakin tafinta cewa da an ƙara mako guda, da ba a same ta da rai ba. Akwai gida biyu da ba su fito da kowa ba, domin tsakanin jarrabawa da zuwan motar sun riga sun kai nasu maƙabarta.

Yelwa ta rayu. Bayan wata biyu ta dawo garin tana takawa da ƙafarta. Amma wannan daga baya ne. A ranar dai mota ta tashi da ita da uwarta, Nomau ya bi ta da ido har ta ɓace, ya koma gida ya zauna a bakin ƙofa. Ɗaki biyu, babu motsin kowa.

Da la'asar sai ga Malam Lawandi ya zo yana dogara sanda, cikin farar rigarsa mai guga. Ya yi sallama ya zauna a ƙasa kusa da shi.

"Nomau," in ji Malam, "ranar da na koya muku burodi da ƙwai, ni ma ban karya ba. Kwana biyu ke nan ban ɗora tukunya ba a lokacin."

Nomau ya juyo ya dube shi. "Yau fa, Malam?"

Tsohon ya buɗe baki zai ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Sai ya fasa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yau ma."

Nomau ya tashi ya shiga ciki. Ya fito da ɗan kwanon da Tasalla ta rufe masa kafin ta tafi, dusa da tafasa, bai fi cikin tafin hannu ba. Ya sa yatsa ya ja layi a tsakiya, ya tura kwanon tsakaninsu. Malam Lawandi ya naɗe hannun farar rigarsa, ya yi bisimilla.